Siton Lamuni: Kayan Da Suka Sauka A Ƙasa Amma Kwastan Na Cewa Ba Su Shigo Ba Tukuna

A watan Afrilun 2025, lokacin da gwamnatin Donald Trump ta ɗaga harajin kayan ƙasar Sin har ya kai kashi 145 cikin 100, wani irin sito ya yi tashin gwauron zabo a Amurka. 'Yan kasuwar da kayansu ke kan teku sun yi ta rububin neman gurbi a rumbunan da doka ta yarda a ajiye kaya ba tare da an biya kuɗin fito ba tukuna. Hasashensu shi ne harajin ba zai daɗe a haka ba. A watan Mayu kuwa, bayan tattaunawar da ƙasashen biyu suka yi a Suwizalan, harajin ya sauko zuwa kashi 30, waɗanda suka yi haƙuri suka fitar da kayansu a kan sabon lissafi.

Wannan labari ya sake tayar da tambayar da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta a ƙasashe masu tasowa. Ta yaya kaya za su sauka a tashar jiragen ruwa, a ɗora su a mota, a kai su wani sito, su yi watanni a can, amma ko sisi ba a biya gwamnati ba? Wasu na ɗauka alfarma ce ake yi wa manyan 'yan kasuwa, an yafe masu haraji. Wasu na kiran abin fasa-ƙwauri mai lasisi. Masu masana'antu kuma na cewa in babu shi da yawansu da sun rufe tuntuni. Kowane ɓangare na da abin kamawa, amma sai an san yadda tsarin yake aiki kafin a gane inda gaskiya ta fi rinjaye.

Mene ne siton lamuni?

Sito ne, ko fili mai katanga, ko ma tankin mai, wanda hukumar kwastan ta ba lasisin ajiye kayan da aka shigo da su kafin a biya kuɗin fito. Yawanci na 'yan kasuwa ne, gwamnati sa ido kawai take yi. Abin da ya bambanta shi da sauran rumbuna shi ne takardar lamuni: mai siton, ko mai kayan, yana kawo banki ko kamfanin inshora ya sa hannu cewa idan kayan suka ɓata ko suka fita ta bayan fage, bankin ko kamfanin inshorar ne zai biya harajin. Kamar beli ne a kotu. An saki kaya daga tasha, akwai wanda ya tsaya masu, amma ba su da izinin shiga kasuwa sai an sallame su.

A idon doka, kayan da ke ciki ba su gama shigowa ƙasa ba. Mai su zai iya biyan haraji ya fitar da su, gaba ɗaya ko kaɗan-kaɗan. Zai iya tura su wata ƙasa, a nan kam babu harajin da zai biya, tunda ba a ci moriyarsu a cikin gida ba. Idan sun lalace sai a lalata su a gaban jami'i a soke bashin. Ban da waɗannan hanyoyi, harajin yana nan daram, jinkirta shi kawai aka yi.

Ƙa'idojin da yawancin ƙasashe ke bi sun fito ne daga Yarjejeniyar Kyoto, wadda Hukumar Kwastan ta Duniya ta sabunta a 1999, ta fara aiki a 2006. Ta raba siton gida biyu: na jama'a, wanda kowane mai shigo da kaya zai iya kama haya a ciki, da na kamfani, wanda kayan mai shi kaɗai ke shiga. Ta yarda a duba kaya, a ɗebi samfur, a ware, a sake ɗauri, har ma a sayar wa wani suna nan a ajiye. Ta ce wa'adin kayan da ba sa ruɓewa kada ya gaza shekara ɗaya. Amurka na ba da shekara biyar, Tarayyar Turai ba ta sa iyaka ba.

Mutane kan haɗa shi da yankin ciniki maras shinge, irin Jebel Ali da Dubai ta buɗe a 1985. 'Yan uwa ne amma ba ɗaya ba. Shi yanki ne guda da ake keɓewa da nasa dokokin, shi kuwa siton lamuni gini ne da zai iya kasancewa ko'ina, har cikin harabar masana'anta.

Tsohon tsari ne

A 1733 firaministan Ingila Robert Walpole ya kawo ƙudurin a riƙa ajiye taba da giya a rumbunan da gwamnati ke sa wa ido, a karɓi haraji lokacin fitarwa. 'Yan kasuwar Landan suka tayar da ƙayar baya har ya janye. Wani ɓangare na fushin tsoron jami'ai su riƙa kutsawa shaguna ne, wani ɓangaren kuma tsoron a toshe hanyoyin maguɗin da aka saba. Sai a 1803 Ingila ta kafa dokar rumbunan, Amurka ta bi sahu a 1846. Abin lura shi ne tun farko an ƙirƙiro tsarin ne don ya hana zamba, ba don ya buɗe mata ƙofa ba.

Lissafin da ke kai ɗan kasuwa sito

Mu ƙaddara wani ya shigo da kwantenar tayoyin mota. Kuɗin kaya da na inshora da na dako sun tashi dala 100,000, kuma a kan wannan jimillar yawancin ƙasashe ke yanka haraji. A ce kuɗin fito kashi 20 ne, dala 20,000 ke nan. Harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa kan cinikin kaya, kashi 15 sai ya hau kan dala 120,000, ya ba da 18,000. Kafin ya sayar da taya ko ɗaya sai ya nemo dala 38,000.

A ce wata goma zai yi yana sayarwa, kuma bankinsa na karɓar kuɗin ruwa kashi 2 a wata. Idan ya ranto kuɗin ya biya a tasha, yana rage bashin wata-wata, ruwan zai ci masa dala 4,180. Idan kuma ya sa kayan a sito, yana fitar da kashi ɗaya bisa goma duk farkon wata, ruwan dala 760 ne kacal. Bambancin dala 3,420. A ciki zai cire kuɗin hayar sito da ladan wanda ya tsaya masa, abin da ya rage shi ne ribar tsarin.

A ƙasar da ruwan banki bai wuce kashi 4 ko 5 a shekara ba, wannan riba ba ta taka kara ta karya ba. A ƙasar da ruwa ya haura kashi 20, banki kuma ba ya ko kallon wanda ba shi da takardar fili, ita ce ke raba mai ci gaba da kasuwanci da wanda jarinsa ya maƙale. Don haka ƙasashe matalauta sun fi masu arziki buƙatar wannan sito, ko da yake su ne suka fi wahalar tafiyar da shi.

Jinkirin na da nasa haɗari. A ƙasashe da dama ana lissafa haraji ne da adadin da ke aiki ranar da aka fitar da kaya. Idan gwamnati ta ƙara haraji a sabon kasafi, ko darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, mai jira shi ke asara. 'Yan kasuwar Amurka na 2025 caca suka yi, ta kuwa yi masu kyau.

Tafiyar kwantena a hannun kwastan

Ko za a kai kaya sito ko za a biya nan take, sai an amsa wa kwastan tambaya uku: mene ne wannan, nawa ne kuɗinsa, daga ina ya fito? Kusan duk wata rigima da ake yi a tasha daga ɗayansu take tasowa.

Ta farko ana amsa ta da lamba. Tun 1988 duniya ke amfani da jadawali guda mai lambobi shida-shida da ya kasa kayayyaki sama da rukuni 5,000, kowace ƙasa kuma tana ƙara nata lambobin a baya. Kowace lamba da harajinta. Injin da ya zo a haɗe da wanda ya zo gunduwa-gunduwa za su iya faɗawa lambobi daban, ratar da ke tsakani kuma ta kai dubban daloli. A nan ejan mai fiton kaya ke nuna ƙwarewarsa, a nan kuma marar gaskiya ke yin nasa.

Ta biyu ta fi zafi. Dokar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ce farashin da mai saye ya biya da gaske shi ne ma'auni. Amma jami'in da ya sha ganin rasit na bogi ba ya yarda da takarda. Sai ya buɗe nasa kundin farashi ya ce kayan sun fi haka, ɗan kasuwa ya rantse, jami'i ya kafe, kwantena na zaune. Wanda ya faɗi gaskiya da wanda ya rage farashi duk tsiya ɗaya ake masu, har mai gaskiyar ya fara tunanin shi ma ya rage tun farko, tunda ko yaya za a ƙara masa. A 1985 Indonesiya ta gaji da wannan har ta ɗauke babban ɓangare na aikin daga hannun kwastan ɗinta ta damƙa wa kamfanin SGS na Suwizalan, ya riƙa duba kaya tun a ƙasar da aka yi lodi. Ƙasashe da yawa sun kwaikwaya, daga baya aka dawo daga rakiyar tsarin saboda tsada, ga shi kuma bai gyara hukumar kanta ba.

Bayan an shigar da bayanai a kwamfuta, ita ke zaɓa wa kwantena layi. A manhajar ASYCUDA, wadda hukumar UNCTAD ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a farkon shekarun 1980 kuma ƙasashe kusan ɗari ke amfani da ita, kore na nufin wuce, rawaya a duba takardu, ja a buɗe kaya, shuɗi kuma a saki yanzu a bi sawu daga baya. Hikimar ita ce a buɗe kaɗan, waɗanda ake da dalilin zarginsu. Sai dai a tashoshi da yawa jan layi ya zama na kowa.

Wanda bai taɓa ganin yadda ake buɗe kwantena ba ba zai gane tsadar abin ba. Sai an biya kuɗin injin da zai sauko da ita daga saman 'yan uwanta ya kai ta filin bincike. A jira jami'in kwastan, a jira na hukumar ingancin kaya, a jira na lafiya ko na tsaro, in ɗaya bai zo ba sai gobe. A datse hatimin ƙarfe mai lamba da ke ƙofa. Leburori su yi ta sauke kwalaye suna jerawa a ƙasa, jami'i na farke wanda ya ga dama da wuƙa. In an gama a mayar, kuma kayan da aka shirya da inji a masana'anta ba kasafai suke komawa yadda suka fito ba. A matsa wasu, wasu su fashe, kwali ɗaya ko biyu su yi ɓatan dabo ba wanda zai ce ga inda suka bi.

Me ke zaunar da kaya makonni a tasha?

A 2012 Bankin Duniya ya fitar da bincike kan tashoshi shida na Afirka: Tema, Lome, Duwala, Mombasa, Darussalam da Durban. In aka ware Durban, kwantena na yin kusan kwana 20 kafin ta fita. A Durban kwana huɗu ne. Wani binciken masana tattalin arziki ya gano cewa kowace rana guda ta jinkiri na rage cinikin ƙasa da sama da kashi 1 cikin 100.

Kowa zai ce laifin kwastan ne, kuma suna da nasu. Amma binciken ya tono wani abin da ba a cika son faɗa ba: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wasu masu shigo da kaya da gangan suke barin kwantena a tasha, domin kuɗin ajiyar can ya fi na waje araha, ko don ba su da kuɗin fito sai sun sami mai saye. Masu gudanar da tasha na samun kuɗi daga ajiya, saboda haka ba sa gaggawa. Manyan da suka iya bin lungunan tsarin kuma jinkirin na kare su daga sababbin abokan hamayya. Durban ta gyara nata ne da tsauwala kuɗin ajiya bayan kwana uku na kyauta, tare da daidaita aikin kwastan.

A nan siton lamuni ke da rana. Wanda ba shi da kuɗin fito yau, maimakon ya mayar da tasha rumbunsa yana tara tarar jinkiri ta kamfanin jirgi, sai ya kai kayan sito, ya sauke, ya mayar da kwantenar. Tasha ta sami sarari, jiragen da ke layi a teku su matso. Kayan da aka bari ba mai su kuwa ba cunkoso kaɗai suke jawowa ba. Tan 2,750 na sinadarin da ya fashe a tashar Bairut ranar 4 ga Agustan 2020, ya kashe mutum sama da 200, kusan shekara shida ya yi a rumbu ana musayar wasiƙu tsakanin kwastan da kotu.

Abin da Bangaladash ta yi da shi

Babu misalin da ya kai na Bangaladash nuna ƙarfin wannan tsari. A 1979 wani kamfani mai suna Desh Garments ya ƙulla yarjejeniya da Daewoo na Koriya ta Kudu, ya tura ma'aikata 130 can koyon ɗinkin tufafi na fitarwa waje. Sun dawo da sana'a, amma akwai cikas. Ƙasar ba ta saƙa irin yadin da masu saye a Turai da Amurka ke so, harajin shigo da yadi kuma na da yawa ƙwarai. In mai ɗinki ya biya wannan haraji, rigarsa ba za ta sayu a kasuwar duniya ba.

Gwamnati ta yi abu biyu. Ta bar masana'antun ɗinki su mayar da rumbunansu siton lamuni: yadi da zare da maɓalli su shigo ba haraji, bisa sharaɗin za su fita a matsayin riga. Ta kuma bar bankuna su buɗe wa mai ɗinki takardar sayen yadi bisa dogaro da odar da ya samu daga waje, ba sai ya ajiye tsabar kuɗi ba. Mutumin da ke da kekunan ɗinki da oda a hannu ya iya fara aiki ba tare da babban jari ba. Yau tufafi ne sama da kashi 80 cikin 100 na abin da ƙasar ke fitarwa, kuma kimanin mutum miliyan huɗu ke cin abinci a harkar, da yawansu mata.

Akwai wata hanyar da ƙasashe da dama suka bi, wato a biya haraji tukuna, in an fitar da kaya a nemi gwamnati ta mayar. A takarda duk ɗaya ne. A aikace kuwa, kuɗin da ya shiga baitulmalin gwamnatin da ke fama da giɓin kasafi ba ya fitowa da sauƙi. A yi ta bin fayil daga ofis zuwa ofis, wata da watanni, darajar kuɗin na zagwanyewa. Indiya ma a 2019 ta sauƙaƙa dokar sarrafa kaya a cikin siton lamuni don jawo masana'antu.

Inda ɓarakar take

Bangaladash ɗin dai ita ce misalin ɗaya fuskar. An sha kama yadin da ya shigo da sunan ɗinkin fitarwa ana sayar da shi a kasuwar Islampur ta birnin Dhaka. Dabarar ba ɓoyayya ba ce: a ce riga ɗaya na cin yadi fiye da abin da take ci, rarar ta bi dare. Wasu ma masana'antar a takarda kawai take. Masaƙun cikin gida, waɗanda ke biyan harajinsu, su ke kwana ciki.

Haka abin yake da kayan da ke ratsa ƙasa zuwa maƙwabciya marar teku, waɗanda su ma kan lamuni suke tafiya. Habasha na bi ta Jibuti da sama da kashi 90 cikin 100 na cinikinta, Yuganda da Ruwanda na bi ta Mombasa, kuma dokar ciniki ta duniya ta hana a karɓi kuɗin fito a kan irin waɗannan kaya. Bayan yarjejeniyar 1965, kayan Afganistan sun riƙa sauka a Karachi suna wucewa ba haraji, amma an daɗe ana ganin tayoyi da yadi da kayan lantarki suna juyowa kasuwannin Pakistan, wasu ma ba su taɓa tsallaka iyakar ba. A 2023 Pakistan ta haramta jerin kayayyaki a wannan hanya ta kuma tsananta sharuɗɗan lamuni. Irin wannan ƙorafi ne, na kayan da ke sauka a Kwatano su ɓulla a wata kasuwar, ya sa Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Duk inda harajin maƙwabta biyu ya yi nisa da juna, ratar ita ce ribar mai karkatarwa.

Tsohuwar hanyar tsaro ita ce kwaɗo biyu a ƙofar sito, mabuɗi ɗaya a hannun mai sito, ɗaya a hannun jami'in da aka girke a wurin, mota kuma a haɗa ta da ɗan rakiya. A ganina wannan shi ne raunin tsarin a ƙasashe da yawa. Jami'in da ke wuni a harabar mai sito, yana shan ruwansa, wani lokaci ma shi ke biyan alawus ɗinsa, da wuya ya zama mai tsaron da ake tsoro. Abin da ke kama ɓarawo shi ne lissafi: kwali nawa ya shiga, nawa ya fita da izini, nawa ya kamata a tarar yau in an zo ba sanarwa. Ko manyan bankunan duniya sun ɗanɗana wannan a 2014, lokacin da aka gano cewa a tashar Qingdao ta ƙasar Sin an yi ta karɓar bashi daga bankuna daban-daban da takardun ajiyar tagulla da alminiyam guda. Rumbun na kulle, takardun ne suka hayayyafa.

Sai kuma batun lamunin kansa. Idan kaya suka ɓata amma ba a taɓa tilasta wa banki ko kamfanin inshora ya biya ba, ko aka karɓi sa hannun kamfanin da ba shi da ko taro, to babu lamuni, takarda ce kawai a fayil. Ranar da aka fara karɓar kuɗin da gaske, bankuna da kansu za su riƙa tantance wanda suke tsaya wa.

Me ya sa gwamnatoci ke ɗari-ɗari?

Kafin 2025, kuɗin fito kusan kashi 2 cikin 100 ne kacal na kuɗin shigar gwamnatin tarayyar Amurka. A ƙasa matalauciya, inda yawancin mutane ke sana'ar da ba ta da rajista, bakin iyaka ne wurin da ya fi sauƙin karɓar haraji, kuma abin da ake tarawa a can kan kai sulusin harajin ƙasa ko ya zarce. Ana yanka wa shugaban kwastan adadin da zai kawo a shekara, shi ma ya yanka wa na ƙasa da shi. Mutumin da ake auna aikinsa da abin da ya tara a wannan watan ba zai yi murna da tsarin da ke ɗage biya zuwa baɗi ba.

Shi ya sa da an sami badaƙala sai a soke lasisi barkatai, a ƙara shinge a hanya, a ƙara sa hannu. Kowane sabon sa hannu kuma sabuwar ƙofar na goro ce. Yarjejeniyar Sauƙaƙa Ciniki, wadda aka cimma a Bali a 2013 ta fara aiki ranar 22 ga Fabrairun 2017, ta nuna wata hanyar: a karɓi takardu tun jirgi bai iso ba, a saki kaya kan lamuni ko da ana gardamar farashi, a bi kamfani ofishinsa a binciki littattafansa bayan an saki kaya, a ba waɗanda suka nuna gaskiya shekara da shekaru layi mai sauri. Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta ƙiyasta cewa cika ta gaba ɗaya zai rage tsadar ciniki da kashi 14.3 cikin 100. Singafo ta haɗa hukumominta a kafar kwamfuta guda tun 1989, aikin kwanaki ya koma na mintoci. Kenya da Yuganda da Ruwanda sun koma liƙa wa motocin kaya na'urar da ke nuna inda suke, ta kuma yi ƙara in an taɓa hatimi ko mota ta saki hanya.

Kwamfuta ita kaɗai ba ta wadatar ba. Akwai tashoshin da aka sa manhaja amma har yanzu sai an buga takardar an zagaya da ita tebur-tebur.

Ƙaramin ɗan kasuwa da mai saye

Wanda ya fi buƙatar jinkirin haraji shi ne ya fi wuyar samunsa. Banki ba ya tsaya wa mutum sai ya ga kadara, wani lokaci ma sai an ajiye masa tsabar kuɗin da ta kai harajin, wanda hakan ya kashe amfanin abin gaba ɗaya. Lasisin sito na son gini mai inganci da ma'aikatan lissafi. Mai kwali hamsin a kwantenar haɗaka ba ya cikin wannan zance, sai dai in akwai siton jama'a da mai shi zai rufe kowa da lamuninsa guda, ya riƙa karɓar haya. Inda babu irin wannan, babban kamfani na biyan haraji a hankali, ƙarami na biya nan take da kuɗin bashi, sannan su haɗu a kasuwa ɗaya. Masu cewa tsarin na fifita manya a nan suke da gaskiya.

Mai saye kuwa duk wata tarar jinkiri da kuɗin ajiya da na goro a kansa suke ƙarewa, a cikin farashin magani ko taki ko kayan gyaran inji. Kayan da suka zurare daga sito sukan zo masa da araha, amma gwamnatin da ta rasa harajin za ta nemo shi ta wata hanya, masana'antar da ta kasa gogayya kuma ta sallami ma'aikata.

Akwai sabuwar jarrabawa a gaba. Ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka ya fara a hukumance a Janairun 2021, kuma rangwamen harajinta na kayan da aka yi a nahiyar ne kawai. Kayan da suka zo daga Asiya, aka sauke su a siton lamuni a Lome ko Mombasa, aka sauya masu kwali da tambari, ba su zama na Afirka ba. Jami'in da ke iyaka ta gaba ba shi da hanyar sanin haka sai ta bayanan da kwastan ɗin ƙasar farko suka aiko masa. In bai yarda da bayanan ba zai sa a sauke motar a buɗe kwali-kwali, haka ma na iyakar da ke bayansa.